Wane fenti zan shafa wa ƙasan jirgin ruwana a Tiga dan gansakuka ta daina kama shi?

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa dan ba magana ce ta layi biyu ba. Ka ce ka sayo jirgin faiba, wato wanda aka yi jikinsa da zaren gilashi da gam, na hannu daga Legas, tsawonsa mita 7, da inji Yamaha 40 a bayansa, kana jigilar mutane da kaya da shi a dam ɗin Tiga, yau wata huɗu ƙasansa ya yi kore shar da gansakuka, gudu ya ragu, mai kuma yana tafiya kamar ana tsiyayar da shi, sannan wani mai shago ya nuna maka jan fenti a gwangwani ya ce irinsa ake shafa wa manyan jiragen teku, shine kake tambaya ko ka saya, in kuma ba shi ba toh wanne.

Ni dai na daɗe ina wannan aikin, na yi shekaru a yadin gyaran jirage a Apapa da Fatakwal kafin na dawo gida Kano, kuma har yanzu faiba da fenti su ne abincina. Dan haka dan Allah kar ka sayi gwangwanin nan tukuna. Ba wai na ce na jabu bane, ban gan shi ba, amma ko da na gaske ne akwai yiwuwar ba shi jirginka yake buƙata ba, kuma kuɗin da za ka zuba a ciki akwai inda ya fi dacewa su tafi.

Bari mu fara da sanin menene shi fentin. Masu aikin suna ce masa antifaulin. Ba fentin ado bane, ba ya hana ruwa shiga jikin jirgi, ba ya hana tsatsa, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Guba ce aka dama a cikin fenti, yawanci sinadarin jan ƙarfe da ake kira kufros oksayid, shi ya sa za ka ga asalin kalarsa ja ce mai duhu kuma gwangwanin ya fi na fentin gida nauyi nesa ba kusa ba. In jirgi yana cikin ruwa gubar tana tsatsafowa kaɗan kaɗan, duk ƙaramar halittar da ta zo za ta manne sai ta ji wajen bai yi mata ba. Ranar da gubar ta ƙare, ko fentin yana nan ja wur, aikinsa ya ƙare.

Toh wace halitta ake kora? A nan ne ruwan teku da ruwanmu suka raba hanya. A Fatakwal na sha ganin an jawo jirgin da ya yi wata shida a daure, ƙasansa kamar an liƙa masa tsakuwa, wasu 'yan halittu ne masu ɓawo da muke ce wa banakul, suna mannewa da wani irin gam nasu wanda sai da ƙarfe ake kankarewa, in ka goga hannu a kai sai ya yanke ka kamar reza, ka kankare kuma ya bar farin zobe a jikin jirgin. Ga kawa, ga tsutsar da ke yin farin bututu a jiki, ga wata tsutsar teku da ke shiga cikin katako tana cin sa ta ciki, waje lafiya lau ciki kuwa kamar gidan gara. Wadannan su aka yi wa fenti mai ƙarfin guba. Duk ba sa rayuwa a ruwan daɗi irin na Tiga ko Challawa ko Watari ko Thomas. Abin da ke kama jirgi a wajenmu shine santsin nan mai yauƙi da ke fara zuwa cikin 'yan kwanaki, sai gansakuka mai gashi gashi a daidai inda rana ke taɓawa, sai ƙwan dodon koɗi da 'yan ƙananan abubuwa. Duk burushi da soso suna cire su. Kaga kenan sayen fentin teku saboda gansakuka kamar ɗaukar gatari ne ka je yankan alayyahu.

Ba ina raina gansakuka bane fa, abin da ka gani na shan mai gaskiya ne. Hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta fitar da rahoton da ya nuna santsin da kaurinsa bai wuce rabin milimita ba in ya rufe rabin ƙasan babban jirgi zai iya ƙara masa hayaƙin da yake fitarwa da kusan kashi 25 cikin 100, wato man da yake ƙonawa kenan. Naka ƙaramin jirgi da ke so ya ɗaga kai ya hau saman ruwa ya ma fi jin abin, dan da zarar ƙasan ya yi gashi ba zai ɗaga ba, sai dai inji ya yi ta kuka yana tura ruwa da ƙirji.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya zo min da wannan maganar ita ce, jirginka a ina yake kwana? In kana iya jawo shi tudu duk yamma, ko da sau ɗaya a sati ne ya wuni a waje, wallahi ba ka buƙatar fenti mai guba ko kaɗan. Ranar Kano kaɗai ta isa, gansakuka ba ta jure bushewa, wuni ɗaya ta zama gari sai ka goge. Samo tsofaffin tayoyi ko itace biyu uku masu santsi ka shimfiɗa a gaɓa, mutum huɗu za su jawo shi sama. Masuntanmu da ke kife kwale-kwalensu a bakin ruwa lokaci lokaci ai abin da suke yi kenan tun kaka da kakanni. Amma in jirgin a ruwa yake kwana wata da watanni saboda nauyi ko saboda yanayin gaɓar, toh sai a yi maganar fenti.

Kafin nan akwai abin da ya fi damuna da jirginka fiye da gansakukar, kuma shi nake so ka fi riƙewa. Faiba ba ta hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari yadda mutane suke zato. Fatar nan mai sheƙi ta waje, jelkot, ruwa yana ratsa ta a hankali, ya je ya tarar da 'yan ramukan iska da ragowar sinadarin da bai gama daskarewa ba, ya narkar da su, sai wajen ya dinga jawo ƙarin ruwa har ya kumbura ya yi bororo kamar ƙunar wuta. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ruwan daɗi mai ɗumi ya fi ruwan gishiri saurin haddasa wannan. Wato jirgin da ya yi shekaru a Legas lafiya zai iya zuwa Tiga ya fara ƙuraje. Ranar da ka fito da shi ka wanke, bari ya sha iska kaɗan sai ka tsuguna ka kalli ƙasan ta gefe da hasken safiya ko fitilar waya, ka bi da tafin hannu. In ka ji ƙulu ƙulu kamar ƙwayar wake ko gyaɗa, sa tabarau a idonka ka huda ɗaya da bakin wuƙa. In ruwa ya fito mai ɗan maiƙo da warin tsami irin na finiga, shi ne. Kar ka bari ya fantsar maka a ido dan wani yana fitowa da ƙarfi. Maganinsa a buɗe kowanne, a wanke da ruwa mai tsabta sau da yawa, a bar jirgin ya bushe sosai, makonni ake magana ba kwanaki ba, a cike da ƙullin ifoksi, wani gam mai ƙarfi da ke daskarewa ya tare ruwa, sannan a bi duk ƙasan da ifoksi mai haɗi biyu shafi huɗu zuwa biyar. Wannan ifoksin shine garkuwar jirgin. In kuɗinka na abu ɗaya ne kacal, ifoksi za ka saya ba antifaulin ba. Ƙasan da aka yi wa ifoksi aka goge ya yi sumul, wanke shi duk sati biyu da burushi aikin minti talatin ne. Mu a nan Allah ya ba mu hunturu, iskar Disamba zuwa Fabrairu tana busar da faiba yadda mutanen Legas ba sa samu, dan haka in za ka yi wannan aikin ka nufi lokacin.

Yanzu ga nau'o'in fentin in har sai an shafa. Akwai mai tauri, wanda in ya bushe yake zama kamar ƙashi, gubar tana fita ta bar gangar fentin a wajen. Yana jure gogayya, yana jure a ja jirgi kan yashi, ana iya wanke shi da burushi ba ya bin ruwa. Aibinsa shekara bayan shekara yana taruwa yana kauri har ya fara ɓamɓarewa sai an kankare duka, kuma yawancinsa in jirgi ya daɗe a tudu iska tana kashe ƙarfin saman. Akwai mai zaizayewa, wanda yake narkewa a hankali kamar sabulu, jirgi yana tafiya ruwa yana cire tsohon sama sabon guba yana bayyana. A teku shi ne sarki, ba ya taruwa, kuma masu kyau daga cikinsa ko jirgi ya yi wata a waje ba sa mutuwa. Amma ka kalli yadda muke aiki a nan, sau nawa a rana kake cusa hancin jirginka cikin yashi da tsakuwa dan fasinja su sauka? Kowane cusawa yana goge fentin nan mai laushi, cikin 'yan makonni gaban jirgin ya koma tsirara, kuɗinka kuma suna kwance a ƙasan dam. Kuma ba a dirje shi da burushi, kana dirzawa za ka ga ruwa ya yi ja kewaye da kai. Shi ya sa ni ban cika ba mutanenmu shawararsa ba sai jirgin da ke da wajen ɗaurewa a ruwa mai zurfi wanda ba ya taɓa ƙasa.

Sai na silikon, shi babu guba a cikinsa, santsi ne kawai da shi kamar jikin tarwaɗa, abu ya manne ba ya samun riƙo sai gudun jirgi ya wanke shi. Kamfanin fenti na International suna da irinsa mai suna Intersleek, kamfanin Hempel suna da Silic One. Ina son tunanin da ke bayansa sosai musamman a ruwan da mutane ke sha, sai dai yana da tsada, shafa shi yana son tsabta da ƙa'ida, kuma dutse ɗaya ya karce shi ya yage kamar fata. Bai dace da gaɓarmu ba. Akwai kuma wanda ake dama garin jan ƙarfe zalla cikin ifoksi, Coppercoat shine sanannen, masu shi suna cewa yana kai shekara 10, yana da tauri kuma gubar da yake saki kaɗan ce, amma samunsa a Najeriya sai an yi oda kuma kuɗinsa zai iya tasar ma kuɗin jirgin naka. Na'urar da ke kaɗa jikin jirgi da sautin da kunne ba ya ji kuwa ka manta da ita, tana son batir dare da rana.

Dan haka ga abin da zan yi in jirgin nawa ne. Ifoksi tukuna. In zan iya fito da shi akai akai, shikenan na tsaya a nan. In ba zan iya ba, sai na nemi mai tauri wanda aka rubuta a takardarsa cewa na ruwan daɗi ne ko mai ƙarancin jan ƙarfe, shafi biyu. Jotun da Hempel da International da Sigma duk suna da dillalai a Legas da Fatakwal, ka kira su ka faɗa musu abu uku, ruwan daɗi ne, faiba ce, ana jan jirgin kan yashi, ka ce su turo maka takardar bayanin fentin ta WhatsApp kafin ka tura ko sisi. Burushi da rola da sanfefa da tef duk za ka samu a Ƙofar Ruwa ko France Road, amma shi fentin kansa ka saye shi inda za a ba ka takarda.

Tunda jirgin daga Legas ya zo akwai yiwuwar da tsohon antifaulin a jikinsa. Jiƙa soso ka goga. In kala ta biyo soson, mai zaizayewa ne, kuma ba a ɗora mai tauri a kan mai laushi, zai tsage ya zube tare da shi kamar ka yi siminti a kan yashi. Mai laushi a kan mai tauri yana zama in an goge da sanfefa. Amma tunda ifoksi za ka yi dole ne ma a kankare komai har a kai ga jelkot, ifoksi ba ya kama tsohon fenti.

Wajen da nake so ka buɗe kunne da kyau shine alminiyam. Jikin jirginka faiba ne amma ƙafar injin nan da ke cikin ruwa alminiyam ce, farfelar ma galibi haka. Jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu a cikin ruwa batir suke zama, alminiyam ɗin shi ke narkewa. Wannan ba sabon ilimi bane, a 1761 sojan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna HMS Alarm da fallayen jan ƙarfe, tsutsa da ciyawa suka ƙyale shi, amma da aka duba bayan shekara biyu sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka taɓa jan ƙarfen sun cinye. A 1824 wani masani Humphry Davy ya gano in aka liƙa guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen, guntun ne zai cinye ya fanshi sauran, sai dai da jan ƙarfen ya daina narkewa ciyawa ta dawo ta kama, wanda ya nuna maka gubar sai tana fita take aiki. Ni da idona na ga wannan a wani yadi da na yi aiki, an kawo jirgin alminiyam mai kyau, aka ba wani yaro ragowar jan fentin da ya saura daga wani aikin ya shafa kai tsaye ba firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa. Bayan 'yan watanni mai jirgin ya dawo wai ruwa yana taruwa a ciki bai san ta ina ba. Muka jawo shi, fentin ya yi ƙuraje, kana danna ƙurji da farce sai farin gari ya fito kamar alli, ƙarƙashinsa rami. Da dare muka sa fitila a ciki muka tsaya a waje, haske yana fitowa ta ƙananan huji kamar rariya. Ƙasan gaba ɗaya aka yanke aka sake. Har yau in na tuna raina yana ɓaci dan jirgin bai tsufa ba. A ruwan daɗi abin ya fi tafiya a hankali amma yana tafiya. Dan haka fenti mai kufros oksayid kar ya taɓa ƙafar injinka, ka bar tazarar kamar yatsa biyu tsakanin fentin da duk wani ƙarfe. Na alminiyam daban ake yinsa da wani sinadarin da ake kira kofa tayosayanet, irin su Trilux 33, ko kuma wanda babu jan ƙarfe sam, shi ma sai an yi firaima. Kai da injinka ke ɗagawa ma ba ka buƙata, ka tashi aiki ka ɗaga ƙafar ta fita daga ruwa. Sannan ka duba ɗan guntun ƙarfen fansar nan da ke jikin ƙafar, mu anod muke ce masa, kar a shafa masa fenti ko kaɗan. Na tutiya na ruwan gishiri ne, a ruwan daɗi yana yin farin ɓawo ya daina aiki, na maganiziyam shi ya dace da mu.

Dawo kan gwangwanin mai shago. In babu suna, babu lambar haɗi, babu kwanan wata, ko an ce maka ragowar wani jirgi ne aka juye a galan, bar shi. Dalilina shine akwai wata guba da ake kira TBT, daga kuza ake yinta, a shekarun 1960 zuwa 1980 ita ce ta fi kowacce aiki, jirgi ya yi shekara biyar ƙasansa tas. Sai aka ga kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa ta daina haihuwa ɓawonta yana nakasa, dodon koɗin teku mata suna fitar da gaban maza. Faransa ta hana ƙananan jirage shafa ta a 1982, IMO ta yi yarjejeniya a 2001 wadda ta fara aiki a Satumbar 2008 ta haramta ta a duniya, a Janairun 2023 kuma aka ƙara da wata gubar mai suna sibutirin. Gwangwanin da ba takarda ba ka san me ke ciki ba. Ko lafiyayye ne ma fentin nan yana da wa'adi, galibi shekara biyu zuwa uku a rufe, zafin shagunanmu kuma yana rage masa kwana.

Haka kuma dan girman Allah kar wani ya ce maka ka zuba maganin ciyawa ko fiya-fiya ko Gamalin cikin fentin mai ka shafa. Na ji masu yi, har da masu dama barkono da baƙin mai. Ba ya aiki dan fentin gida ba a yi shi ya dinga sakin abu a hankali ba, ko ya kulle shi ciki ko ya zubar da shi cikin kwana biyu, kifi ne kawai zai mutu. Tiga ba teku bace da igiyar ruwa za ta kwashe ta tafi da shi. Tun da aka gina dam ɗin zamanin Gwamna Audu Bako tsakanin 1971 da 1974, ruwan nan shi ke bin kanal ya shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura, shi ke gangarowa Kogin Kano har matatar Tamburawa ya shigo famfunanmu, kifinsa kuma shi muke saya a Galadima. Jan ƙarfen ma kansa ya fi yi wa kifi illa a ruwan daɗi fiye da na gishiri, musamman 'ya'yan kifi. Mun ga yadda ruwan masana'antu ya mayar da Jakara, bai kamata mu da muke ci daga ruwa mu ƙara da namu hannun ba.

Masu kwale-kwalen katako da za su karanta wannan, ku taku matsalar ruɓa ce da yoyo ba tsutsar teku ba, toshe tsaga da auduga ko tsumma da kwalta, kwashe ruwan sama daga ciki, kifewa a rana lokaci lokaci amma ba har katakon ya tsage ba, ya wadatar. Masu na baƙin ƙarfe kuma tsatsa ce abokiyar gabarku, a kankare har ƙarfe ya yi fari a yi firaimar ifoksi mai kauri, in ba haka ba jan fentin da kansa zai taya tsatsar ci.

Lissafin yawan da za ka saya ba wuya. Auna tsawon jirgin a daidai layin ruwa, ka haɗa faɗinsa da zurfin da yake nutsewa, ka ninka. Misali in layin ruwan mita 7 ne, faɗi 1.8, nutso 0.4, kaga 7 sau 2.2 ya ba ka murabba'in mita 15 da ɗoriya. Lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 9 zuwa 10 a shafi ɗaya, shafi biyu lita 3 da wani abu kenan, ka sayi 4 dan ka ƙara shafi na uku a layin ruwa da hancin jirgi inda gansakuka da gogayya suka fi yawa. Ka ja layin ya haura inda ruwa ke tsayawa in jirgin yana da lodi da kamar faɗin tafin hannu. Kar ka ce za ka tsinka shi da tina ya yi auki, kaurin shine maganin, in zafi ya sa yana kamewa a rola ɗan kaɗan za ka sa, iya abin da takardar ta yarda, kuma tinar kamfanin ba fetur ba. Juya shi da sanda sosai har ka ji ƙasan gwangwanin ya saki, dan jan ƙarfen yana kwanciya a ƙasa kamar ƙullin koko, in ba ka juya ba ruwan kala kawai ka shafa. Lokacin shafawa kuma da sassafe bayan raɓa ta ɗauke ko da la'asar sakaliya, a inuwa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 in ka shafa da tsakar rana saman zai bushe kafin ciki ya yi ƙuraje. In da hunturu ne ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da jirgin ka kafa tamfal ta inda iska ke zuwa, ranar da hazo ya yi yawa ka haƙura. Akwai wata dabara tsakanin ifoksi na ƙarshe da antifaulin na farko, kar ka bari ifoksin ya bushe ƙarau, lokacin da za ka danna babban yatsa ya bar shaida amma bai biyo yatsan ba, lokacin ake ɗorawa su kama juna. Ya wuce haka sai an sake gogewa ko a sa fentin haɗi. Ka kuma duba awa nawa takardar ta ce a jira kafin a mayar da shi ruwa.

Wajen kankare tsohon fenti kar ka goge shi a bushe, ƙurar guba ce tana shiga huhu, jiƙa sanfefar da ruwa kake yi, da safar hannu da tabarau da takunkumi na gaske ba ƙyalle ba, kuma kar a ƙona shi da wuta. Shimfiɗa leda a ƙasa ka tattara abin da ya zubo, a yi aikin nesa da bakin ruwa, kar yara su zo wasa a wajen. Yaran da za ka sa su dinga wanke maka jirgi kuma gara a jawo shi tudu su wanke da su tsaya cikin ruwa mara zurfi mai ciyawa, nan ne dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake zama, kuma dam-daman Kano ba su rabu da ita ba. In wata rana za ka kai jirgin wani ruwan ko ka sake sayo wani daga kudu, wanke shi tas ya bushe tukuna, kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984 guntu ɗaya ya ishe ta yaɗuwa, kachalla ma da ta toshe Hadejia da Nguru ta ishe mu.

Tunda jirgin zai fito tudu, yi amfani da damar ka ƙwanƙwasa duk ƙasan da ƙotar sukudireba. Lafiyayyar faiba ƙara take yi ƙwas ƙwas, inda ta rabu ko ta sha ruwa sai ka ji bup bup kamar ganga ta jiƙe. Duba allon baya inda inji ke ɗaure, kama ƙafar injin ka girgiza, in allon yana motsi ko tsaga tana buɗewa katakon da ke ciki ya ruɓe, wannan gyaran ya riga fenti. Rayukan mutane kake ɗauka, kuma babu wanda ya manta da abin da ya faru a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021 da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, sama da mutum 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Cikin kuɗin da ka ware na jan fentin nan ka cire na rigunan ruwa.

Ka yi gwajin soson nan da na hasken waya, ka ɗauki hoton ƙasan jirgin kusa kusa bayan an wanke, da hoton gwangwanin gaba da baya inda aka yi ƙananan rubutu, ka turo min. In na ga ƙurajen da girmansu zan faɗa maka ko na cikewa ne ɗaya bayan ɗaya ko sai an fere jelkot ɗin duka, da kuma sati nawa ya kamata ya sha iska kafin a fara ifoksi. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare hanya.